Goron Maƙwabta da Ɓauren Madam Odette

Ni Haruna ne, ɗan Damagaram, wanda ya bar lakwal, wato makarantar boko, tun kafin mushe mai koyar da mu ya gama riƙe sunansa. A garinmu sayen gida ba ya buƙatar karatu. Dillali ne, da shaidu, da mai unguwa, da ƙwaryar goro, a yi fatiha a watse. Da wannan ilimi na sauka Paris a farkon shekarun dubu biyu, gemuna ya riga ya fara fari, kuma sau biyu ilimin nan ya kusa bari na a bakin titi.

Masaukina na farko ɗaki ne a unguwar Goutte d'Or, a saman shagon da ake buga waya gida. Mun fi katifun yawa, don haka aka raba mu gida biyu: masu aikin rana da masu aikin dare. Duk lokacin da na dawo sai in tarar da katifata da ɗumi, kuma har yau ban san fuskar wanda yake ɗumama mini ita ba. Aikina shara ne a manyan sito-sito na Aubervilliers, inda ake sauke kaya daga ƙasashen duniya. Nan aka sa mini Haruna Tsintsiya, nan kuma na koyi Faransancina, wanda ɗiyata take cewa in ta ji shi haƙoranta suke ciwo. Ran Lahadi in sauka shagon waya in kira matata Rabi. Kafin mu gama gaisuwar dangi ɗaya bayan ɗaya katin wayar ya ƙare, in fito ban faɗa mata komai ba.

A cikinmu akwai wani ɗan Maraɗi da muke kira Tanimu Lauya. Bai taɓa ganin ƙofar makarantar lauyoyi ba, amma yana da tabarau da jakar fata, shi yake cika mana takardu. Wata rana ya kawo mini wani mutum mai ɗan ɗaki a can ƙarƙashin rufin wani tsohon bene a Aubervilliers, wai zai koma ƙasarsu yana neman mai saye da gaggawa. Na ga ɗakin, na ga taga, na ga ƙofa mai makulli wadda ba wanda zai ɗumama mini katifa a bayanta. Hankalina ya tafi.

Na ce, "To, mu gaida maƙwabta, mu ji ko da magana a kan wurin."

Tanimu ya gyara tabarau. "Haruna, nan ba Damagaram ba ce. Nan in ka ƙwanƙwasa ƙofar mutum ba gaira, 'yan sanda yake kira."

Muka tara shaidu, aka raba goro, aka yi fatiha, na ba da abin da na tara, aka ba ni makulli. Na yi sanyin shekarar a ɗakina ina jin kaina kamar mai gari. Da bazara ta shigo sai ga mai ɗakin na gaskiya da mai gyaran makulli. Ashe wanda ya sayar mini ɗan haya ne kawai. Tanimu kuwa a satin nan wayarsa ta faɗa ruwa.

Ina zaune a kan akwatina a bakin matakala sai ƙofar da ke kallon tawa ta buɗe. Wani tsoho ne ɗan Aljeriya, Ammi Salah. Bai tambaye ni komai ba, ya ja akwatin ya shigar, ya dafa mini shayi mai na'ana'a. Na kwana a falonsa har na sami wuri. Ranar da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙofata tana kallon taka. Na san mutumin nan, na san ba nasa ba ne. Da ka ƙwanƙwasa, da na faɗa maka."

Na ɗaure wannan magana a zuciyata kamar laya.

Daga baya kamfanin sharar ya sami aiki a Lyon, aka ce wa zai je, na ɗaga tsintsiya. Lyon ta karɓe ni da hannu biyu. Takarduna suka daidaita, na ɗauko Rabi da ɗiyarmu Zainabu, muka kama haya kusa da unguwar Guillotière, a hawa na ƙarshe na wani bene marar asansar, na'urar nan mai hawa da mutane sama. Lokacin muna da ƙafafu, ba mu damu ba. Zainabu ta shiga lakwal ta fito ma'aikaciyar jinya, ta riƙa gyara mini magana a gaban baƙi. Shekaru suka tafi, gwiwoyin Rabi suka bi su. Da farko tana sauka ran Juma'a da ran kasuwa. Sai ya koma ran ganin likita kawai, ni da Zainabu muna riƙe da ita. Daga ƙarshe ta ja kujera bakin taga ta zauna. Matar da a Damagaram ba a suna ko biki a unguwa ba ta kama tukunya ba, ta koma ganin duniya ta saman kawunan mutane. In na dawo aiki sai ta ce, "Malam, matar nan mai jan kare yau ba ta fito ba. Ko lafiya?" Ba ta san sunan matar ba, matar ma ba ta san akwai mai duba ta ba.

Wata safiya a gidan burodi na ga ɗan kati a manne. Na karanta shi da ƙyar, na sake karantawa: gida a hawan ƙasa, da ɗan fili a baya. Mai shi wata tsohuwa ce, Madam Odette, mijinta ya rasu, ɗanta yana so ta koma kusa da shi. Gajera ce mai kaifin baki, tana magana kamar tana yanka albasa. Ta zagaya da mu ni da Zainabu. Ɗaki biyu, kicin, ba matakala ko ɗaya daga titi har gado. A filin baya akwai wani ɓaure da ya fi ƙarfin wurin, rassansa har sun kai tagar hawa na sama. Muka zauna a teburin kicin, muka daidaita a kan farashi, ta miƙo hannu na kama. A wurina an gama.

Ashe ko farawa ba a yi ba.

Maganar bashin banki na kai wa malamai biyu. Ɗaya ya ce kada in kuskura, ɗaya ya ce larura ce. Na dubi gwiwar Rabi na bi na biyun, Allah Ya yafe mana. A banki wata yarinya ce ta karɓe mu, ba ta kai Zainabu shekaru ba. Ta dubi takardun albashina, ta dubi gemuna, ta ce sai dai a haɗa da sunan Zainabu. Aka haɗa. Na gyara zama na ce, "To yaushe zan zo in ɗauka? In zo da jaka ko ku kuke bayarwa?"

Ta ce kuɗin ba zai taɓa hannuna ba.

"Sai hannun Madam Odette ke nan."

"Ita ma ba yanzu ba."

"To ga limamin masallacinmu. Mutum ne mai amana, ko allura ka ba shi za ka tarar da ita."

Zainabu ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Yarinyar ta yi murmushi ta ce ba ta shakkar liman, amma banki ba ya sakin kuɗin gida sai a hannun noter. Shi ne wanda gwamnati ta ba hatimi. Shi zai bincika ko mai sayarwa ita ce mai gida da gaske, ko akwai bashi a kan gidan, ko akwai wani magaji a ɓoye. Shi zai riƙe kuɗin, ba zai saki ba sai komai ya tabbata. Na ce a raina, wato Tanimu Lauya ne wanda wayarsa ba ta faɗawa ruwa.

Ta ambaci sunayen waɗanda bankin ya saba aiki da su. Nan na ɗan tsuke fuska. Na ce wa Zainabu da Hausa, "Mai ba ka bashi shi zai zaɓa maka alƙali?"

"Baba, ba dole ba ne. Muna iya ɗaukar wanda muke so, muddin noter ne. Madam Odette tana da nata, mu ma mu sami namu."

Muka ɗauki wata mace a cikin waɗanda aka ambata, domin wata abokiyar aikin Zainabu ta taɓa sayen gida ta hannunta. Metir ake ce mata, haka ake kiran masu wannan aiki. Aka sa ranar sa hannun farko, wanda shi ne yake ɗaure ciniki, nan da 'yan makonni. A hanyar gida Zainabu ta ce, "Baba, daga yau har ranar nan, bakinka a rufe. Don Allah."

Na ce to. Kuma da gaske nake. Amma kullum in na kwanta sai in ji muryar Ammi Salah. Metir za ta binciki takardu, na yarda, amma takarda ba ta kwana a gidan. Ban da haka, a wurinmu ba a sayen gida a bayan idon maƙwabci. Shi ake fara yi wa tayi. In ya ce ba ya so, sannan baƙo ya shigo da fuska a sake.

Ran Asabar Zainabu tana aiki. Na sa babbar rigata mai aiki, na sayi goro fari mai kyau a Guillotière, na zuba a faranti, na nufi benen Madam Odette na fara daga sama.

Ƙofar farko aka leƙo ta 'yar huda ba a buɗe ba. Ta biyu wani saurayi ya ce ba ya sayen komai. Ta uku wata tsohuwa 'yar Fotugal ta saurare ni har ƙarshe, ta ɗauki goro ta gatsa, fuskarta ta tattare kamar tsohuwar jaka, amma ta haɗiye don kunya. Ta ce gidan ba shi da wata matsala sai bututun kicin, in sa a duba. Na ji daɗi na ce ka ga amfanin tambaya.

Ƙofar ƙarshe ita ce ta saman Madam Odette daidai. Mushe Bernard, dogo mai rigar sanyi da tabarau a goshi. Na yi masa bayanina da Faransancin tsintsiya: Madam za ta sayar, ni zan saya, amma kai ne maƙwabci, kai ka fi ni kusa, in kana so ka faɗa.

Ya sauko da tabarau kan hanci. "Za ta sayar? Nawa?"

Na faɗa masa. Har da ragin da ta yi mini.

"Kun sa hannu?"

"Mun yi musafaha."

Ya ce ya gode ƙwarai, ya ɗauki goro biyu. Na sauko ina yaba tarbiyyarsa.

Ran Litinin ɗan Madam Odette ya kira Zainabu. Maƙwabcin sama ya yi tayi sama da namu, yana so ya haɗa hawa biyun su zama gida ɗaya, kuma ba ya jiran banki. Ɗan ya ce shi dai yana ganin uwarsa ba ta da dalilin ƙi.

Zainabu ta ajiye waya ta dube ni. "Baba, wa ya faɗa masa?"

Na ce labari dai yana yawo.

"Da babbar riga yake yawo? An ce wani dattijo ne mai farantin goro." Ta dafe kai. "C'est pas possible, abin kamar a mafarki. Kai da kanka ka hau bene ka nemo mana abokin takara, har ka ba shi farashi."

"Hakkin maƙwabci ne."

"Hakkin Inna fa?"

Na waiwaya. Rabi tana bakin tagarta, ba ta juyo ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari muka je wurin Metir. Na zaci za ta yi mini dariya ko ta yi mini wa'azi. Ta sa na ba ta labarin tun daga Aubervilliers, tana saurare hannunta a haɓa. Da na gama ta ce gaskiya ɗaya ce: tunda ba a sa hannu ba, musafaha ba za ta riƙe kowa ba, kuma kada mu ce za mu ƙara farashi mu wuce abin da banki ya yarda, sai mu rasa duka biyun. Sannan ta ce, "Abin da ka yi ba baƙo ba ne a wurina. Mu ma muna da wanda ake fara yi wa tayi. Bayan sa hannun farko dole in rubuta wa meri, wato ofishin magajin gari, in tambaya ko hukumar gari tana son gidan, mu jira amsa. Sai dai ni nake tambayar, kuma sai bayan an ɗaure ciniki."

Na ce, "Ashe kuna da al'adar, kun dai ƙwace ta daga maƙwabci kun ba gwamnati."

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce za ta kira noter ɗin Madam Odette su shirya takardu su ajiye, in tsohuwar ta tsaya a kan maganarta a matso da ranar. "Amma ita kaɗai ke da wannan hukunci. Ni ba na iya roƙon ta a madadinku."

A hanya na yanke shawara. Ni na yi wa mutum tayi, ya ce yana so. In na koma ina roƙo, goron nan ya zama wasa ke nan. Na shiga gida na ce wa Rabi gobe zan je in saki Madam Odette daga alkawarinta.

Sai a lokacin ta juyo daga taga. "Malam, ka tambayi na sama, ka tambayi na tsakiya, har wanda bai buɗe ƙofa ba ka tambaya. Ni ka tambaye ni?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Gobe da ni za a je. Ko gidan ba zai zama nawa ba, in gan shi da idona."

Da safe ta sa zanenta na zuwa biki. Ta ƙi yarda mu ɗauke ta. Ta zauna a kan matakalar farko, ta sauke ƙafafu, ta ja jiki zuwa ta gaba, haka har ƙasa, Zainabu a gabanta ni a baya riƙe da takalmanta. A kowane hawa sai ta huta ta ce, "Kai dai riƙe takalmi, shi ne aikin da ba za ka ɓata ba."

Madam Odette ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne mai raba ɗacin nan? Maƙwabciyata ta ce kwana ta yi idonta biyu." Na fara jawabin da na shirya, cewa na sake ta, ba komai tsakaninmu sai alheri. Ko rabi ban kai ba na ga ba ni take kallo ba. Rabi ta wuce mu tana dafa bango, ta ratsa kicin, ta fita filin baya, ta tsaya ƙarƙashin ɓauren. Ta ɗora tafin hannu a jikinsa, ta ɗaga kai tana duban 'ya'yan da suka fara nuna.

Tsohuwar ta bi ta. Ta ce wa Zainabu, "Tambaye ta, in gidan nata ne me za ta yi da itacen nan."

Zainabu ta fassara. Rabi ta yi mamakin tambayar. "Me ake yi da itace? Tabarma zan shimfiɗa. Sai dai reshen can yana son a tallafe shi, ya yi nauyi. Kuma ce mata tana ba shi ruwa fiye da kima."

Madam Odette ta ce, "Ni nake ba shi ruwa fiye da kima?" Suka shiga gardama a kan ruwan ɓaure, ɗaya da Hausa ɗaya da Faransanci, Zainabu a tsakiya har ta gaji ta bar su, kuma ban ga alamar sun lura ba. Can tsohuwar ta nuna tagar sama da haɓa. Ta ce mijinta ne ya dasa itacen shekarar da suka tare. Mutumin can kuwa tun da ya zo yake kai ƙara wurin taron masu bene, wai ganye yana toshe masa magudana, wai yana tare masa haske, a sare.

"Da ka rufe bakinka," ta ce mini, "da sai bayan na tafi zai san an sayar. Yanzu ka ba ni damar in ce masa a'a a fuskarsa. Na daɗe ina jiran wannan." Ta juya ga Zainabu. "Kira Metir ɗinku. Ɗana kuma ku bar ni da shi, ni na haife shi."

A satin aka yi sa hannun farko. Sai jira: banki ya kammala nasa, meri ta ce ba ta so, Metir ta tono tarihin gidan har kakannin wanda ya gina shi. Duk wannan lokaci Zainabu ta hana ni bin titin, ta ɓoye farantin.

Ranar sa hannun ƙarshe muka taru a ofishin Metir, noter biyu, tsohuwa da ɗanta yana ta kumbure-kumbure, mu uku. Metir ta karanta takardar da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe, sunan kowa da na iyayen gidan, kamar ana ɗaurin aure. Na fahimci kashi ɗaya cikin da yawa, amma na fahimci inda ta ce kuɗin yana hannunta, ta tabbatar gidan na Madam Odette ne, yau za ta saki. A nan na tuna akwatina a bakin matakalar Aubervilliers, sai da na share ido da hannun riga. Da aka miƙo makulli na roƙi alfarma ɗaya. Na koya wa Madam Odette ta ce "na sayar," ta faɗa kamar tana tauna tsakuwa, na ce "na saya." Na fito da goro daga aljihu. Metir ta karɓa ta sa a aljihun tebur, ta ce an riga an ba ta labarinsa.

Ina gode wa Allah, ina gode wa mutanen da Ya ajiye mini a hanya: Ammi Salah da shayinsa, yarinyar banki da ta hana ni jaka, Metir, da tsohuwar da ta tsaya a kan musafahar da doka ba ta san da ita ba. Tanimu ma na yafe masa, amma in ya karanta wannan ya sani ina da lambarsa ta yanzu.

Mushe Bernard yana nan a samanmu. Ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata. Da ɓaure ya nuna Rabi ta cika kwano ta ce in hau in kai masa, tunda ni na ƙware a ƙwanƙwasa ƙofa. Ya buɗe, ya karɓa, ya ce ganye yana toshe masa magudana. Na ce zan zo da tsintsiya, sana'ata ce. Kowace shekara haka muke yi, kuma kwanon ba ya dawowa da komai a ciki sai ran nan da ya dawo da ɗan cuku.

Da na sauko ranar da na fara kai masa kwanon nan ban tarar da Rabi a ƙarƙashin itacen ba. Tabarma tana nan, ba ta nan. Na duba ɗaki, na duba kicin. Sai na ga ƙofar titi a buɗe. Tana can bakin hanya da sandarta, ita kaɗai, ta tsayar da wata mata mai jan kare tana tambayar ta lafiyar gida da Hausa.